Muryoyin da Garmaho Ya Fara Kamawa: Ƙwarewa Ce, Ko Tsufa Ne Ya Ba Su Daraja?

Tambaya: Malam, kullum ina jin ana yabon mawaƙan da aka fara ɗauka a faifan garmaho, musamman wani mutumin Italiya da ake kira Caruso. Na nemo shi a YouTube, amma abin da na ji shuu ne da ƙaras-ƙaras, muryar kuma kamar daga cikin rijiya. Da gaske mutanen nan sun ƙware, ko dai tsufa ne ya ba su daraja? In sun ƙware, wa zan fara saurara?

Amsa: Ƙanena, sun ƙware, wasunsu ma irin ƙwarewar da har yau ba a cika samu ba. Amma kunnenka bai yi maka ƙarya ba, abin da ka ji shi kowa ke ji a karon farko. Na shafe shekaru ina kwashe sauti daga tsofaffin faya-fayai da kaset zuwa kwamfuta, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, kafin ka yanke wa mawaƙin wancan zamani hukunci, sai ka san abin da na'urar ta iya ɗauka daga bakinsa da abin da ta zubar. In ka san wannan, rijiyar da kake faɗi za ta fara zama ɗaki mai mutum a ciki.

Thomas Edison ya ƙera na'urarsa a 1877. Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya yi rajistar tasa mai shimfiɗaɗɗen faifai a 1887, kuma daga sunan da ya sa mata muka samo kalmarmu ta garmaho. Tun daga lokacin har 1925 babu makirufo a aikin ɗaukar murya, babu lasifika, babu abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Mawaƙi zai tsaya a gaban wani babban mazurari ya rera a bakinsa. Mazurarin ya tattara iskar muryar ya kai ta ƙarshensa mai tsini, inda aka ɗaura wani ɗan fallen gilashi mai rawa kamar fatar ganga. Fallen na rawa, allurar da ke manne da shi na yanka layi a kan faifan kaki mai juyawa. Ƙarfin huhun mutum kaɗai ke tura wannan allura. Daga kakin ake fitar da hatimin ƙarfe, da hatimin kuma ake buga dubban faya-fayai a kan wani ƙaro da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, a gauraye da garin dutse. Garin dutsen nan da allurar ƙarfe ke gurza shi ne mafi yawan shuu ɗin da ya dame ka.

Ga inda aka yi wa mawaƙan asara. Kunnen matashi lafiyayye na jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 a sakan har zuwa wajen 20,000. Abin da mazurari ke kamawa da kyau kuwa bai wuce daga wajen 250 zuwa 2,500 ba. Ke nan ƙasan murya ya tafi, samanta ma ya tafi, tsakiya kawai ta rage. Haruffa masu huci irin su "s" da "f" da "sh" sai su narke. Ƙyallin da ke kan muryar mace in ta hau sama, wanda shi ke sa tsigar jiki ta tashi a cikin taro, ba ya shiga kakin ko kaɗan, sai a ji ta kamar sarewa. Kayan kiɗa ma sun sha wannan wahala. Gogen Turawa ba ya fita sosai, har sai da wani mai suna Augustus Stroh ya ƙera goge mai ƙahon ƙarfe a jikinsa, ya yi rajistarsa a 1899. Babban goge mai kaurin amo kuwa aka riƙa maye gurbinsa da babban ƙahon busa. Piyano sai an ɗora shi a kan dandamali ya yi daidai da bakin mazurari, makaɗa kuma a cunkushe, gwiwa na gugar gwiwa.

Sai kuma lokaci. Faifai mai inci 10 minti uku yake ɗauka, mai inci 12 kuma huɗu da 'yan kai. Ba a yanka, ba a haɗi, ba a gyara. In ka yi tuntuɓe a baitin ƙarshe, an yi asarar kakin, a sa sabo a faro daga fari. Kakin da aka sa wa allura aka saurara kuma ya lalace, ba za a buga faifai da shi ba. Wannan shi ya sa nake girmama faya-fayan nan. Yau ana iya ɗaukar waƙa layi-layi, kwamfuta ta miƙe muryar da ta karkace. A can kuwa abin da ka ji shi mutum ya rera a tsaye, numfashi ɗaya bayan ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, su kuwa ba a taɓa zuba musu miyar ba.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi, kuma shi ke ɓata yawancin abin da ake ɗorawa a intanet. Muna kiran faya-fayan nan "78", wato suna juyawa sau 78 a minti, amma wannan adadi bai zauna daram ba sai wajen tsakiyar shekarun 1920. Kafin nan kowane kamfani da nasa, wani lokaci kowane zama da nasa, daga sittin da wani abu har sama da 80. Ƙarin kashi 6 cikin 100 na gudu, wato juyi huɗu ko biyar kacal, yana ɗaga murya da mataki guda cikakke cikin matakai 12 na ma'aunin kiɗan Turawa. Faifan da aka yanka a 72 in ka juya shi a 78, ƙaton namiji zai koma mai siririyar murya, rawar muryarsa ta yi sauri kamar kukan akuya. Da yawan waɗanda ke cewa mawaƙan da muryarsu na karkarwa, gudun faifai ne aka yi musu kuskurensa.

To, Caruso. An haifi Enrico Caruso a Naples a 1873, ɗan talakawa. A ranar 11 ga Afrilu, 1902, wani Ba'amurke mai suna Fred Gaisberg, ma'aikacin Gramophone Company ta Landan, ya kafa na'urarsa a wani ɗaki na Grand Hotel da ke Milan, Caruso ya shigo da rana ya rera waƙoƙi goma aka biya shi fam 100. Kafin wannan rana manyan mawaƙan opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa, suna ɗaukar garmaho a matsayin abin wasan yara. Da faya-fayan Caruso suka fito sai ra'ayi ya juya, don a karon farko an ji na'urar ta fitar da abin da ya yi kama da mutum mai jini a jika. Shekara ta zagayo ya fara waƙa a gidan opera na Metropolitan da ke New York, daga 1904 kuma ya koma ɗauka da kamfanin Victor, inda ya yi waƙoƙi fiye da 200.

Sa'arsa ita ce muryarsa ta faɗa daidai tsakiyar da mazurari ke so. Murya ce ta namiji mai hawa sama, amma mai kauri da duhu a ƙasanta, ba ta da tsini. Sai dai sa'a kaɗai ba ta isa ta bayyana shi ba, domin akwai masu irin zangon muryarsa da dama da aka ɗauka a shekarun kuma an manta da su. Ka koma ka saurare shi, wannan karon ka bar neman zaƙi, ka bi numfashinsa. Ka lura da tsawon jimlar da yake ja bai sake shaƙar iska ba, da yadda yake tashi daga ƙasa zuwa sama ba ka ji wurin da muryar ta sauya ɗaki ba. Ka lura yadda yake fara sauti a hankali, ya kumbura shi har ya cika, sannan ya mai da shi ƙasa bai karye ba. Waɗannan abubuwa shuu ba ya ɓoye su, kuma babu na'urar da ke iya ba wanda ba shi da su. Ɗaukarsa ta ƙarshe a Satumban 1920 aka yi ta, ya rasu a Agustan 1921 yana da shekara 48, shekara huɗu kafin makirufo ya iso. Duk abin da duniya ta sani na muryarsa ta cikin mazurari ya biyo.

Ba kowa ne garmaho ya yi wa adalci haka ba, kuma ba na so ka ɗauka duk tsohon faifai zinariya ne. Nellie Melba, 'yar Ostireliya da ta yi sarautar gidan opera na Covent Garden da ke Landan, ta fara ɗauka a 1904. Waɗanda suka ji ta a fili sun yi ta rubuta kyan muryarta, amma a yawancin faya-fayanta na farko abin da ya rage fari ne fat, ba ɗumi. Francesco Tamagno, wanda Verdi, shahararren mai tsara opera na Italiya, da kansa ya zaɓa ya ja sabon wasansa a Milan a 1887, sai 1903 aka ɗauke shi, ciwon zuciya ya riga ya kama shi, ya rasu bayan shekara biyu. Duk da haka in ya buɗe baki kamar kakaki ne.

Wadda ta fi taɓa ni a cikinsu ita ce Adelina Patti. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 babu mawaƙiyar da aka biya kamarta a Turai da Amurka. Ta daɗe tana ƙin garmaho, sai a Disambar 1905, tana da shekara 62, ta yarda aka kai na'ura gidanta na Craig-y-Nos a Wales. Gaisberg ya ba da labarin yadda ta kasa tsayawa wuri ɗaya, don ta saba rera waƙa da dukan jikinta, sai an riƙa jawo ta baya in za ta hau sama don kada allura ta yi tsalle, ita kuma ranta na ɓaci. A faya-fayan za ka ji numfashi ya gajarce, saman murya ya yi wuya. Amma za ka ji yadda take ɗora kalma a kan sauti, da wata 'yar karkarwa mai tsabta da take yi tsakanin sauti biyu, salon da ta koya tun tana yarinya a shekarun 1850. Wannan faifai taga ce zuwa yadda ake waƙa tun kafin a haifi kakannin kakanninmu.

Akwai kuma Alessandro Moreschi na cocin Sistine a fadar Fafaroma, wanda aka ɗauka a Rum a 1902 da 1904. Ɗaruruwan shekaru a Italiya ana yi wa yara maza masu daɗin murya dandaƙa kafin su balaga, don muryar ta zauna siririya a cikin ƙirjin babban mutum. Shi kaɗai ne daga cikinsu aka ɗauka yana waƙa shi ɗaya. Mutane na nemansa don mamaki, ni kuwa ban taɓa saurarensa ban ji baƙin ciki ba. Muryar ba ta mace ba ce, ba ta yaro ba ce, kuma ba shi ya zaɓa wa kansa ba.

Yanzu bari in fitar da kai daga Turai, domin a nan ne nake ganin an fi yi wa masu tambaya irinka ƙwange. In an ce "manyan mawaƙan farko" sai a lissafa 'yan opera a tsaya, alhali Gaisberg ɗin nan, wata bakwai bayan Caruso, yana Kalkata ta Indiya. A Nuwambar 1902 ya ɗauki Gauhar Jaan, wadda ita ma a 1873 aka haife ta. Ita ce tauraruwar birnin, mawaƙiya kuma mai rawa a zauren masu hali da fadojin sarakuna. Matsalar da ta fuskanta ta fi ta Caruso girma nesa ba kusa ba. Waƙar opera guda ɗaya dama minti uku zuwa biyar ce. Waƙar gargajiyar arewacin Indiya kuwa ana iya shafe sa'a guda ana warware karin sauti ɗaya, a fara a hankali kamar wayewar gari, a yi ta hawa. Manyan malaman waƙa maza da dama sun ƙi na'urar da farko, wasu don raini, wasu don tsoron a sace musu fasaha. Matan nan ƙwararru ne suka shiga gaban mazurari, kuma Gauhar Jaan ce ta nuna yadda za a matse abin sa'a guda cikin minti uku: 'yar gajeriyar shimfiɗa, sai baitin, sai gudun murya mai walƙiya, sai rufewa. Tsarin da ta kafa shi waɗanda suka biyo baya suka bi.

A ƙarshen faya-fayanta da yawa, bayan kiɗa ya tsaya, za ka ji ta ɗaga murya ta faɗi sunanta da Turanci. Dalili kuwa, a lokacin Hanover ta Jamus ake kai kakin a buga, ma'aikatan can ba su jin harshen waƙar, da wannan sanarwa suke gane sunan da za su rubuta a takardar faifai. Sai 1908 kamfanin ya buɗe masana'anta a Kalkata. Ta rasu a Mysore a 1930 ba ta da komai, bayan dukiyar da ta tara ta salwanta. In kana son namiji daga can, nemi Abdul Karim Khan, wanda ya fara ɗauka a Bombay a 1905. Faya-fayansa na shekarun 1930 suna da wani sanyi mai shiga ƙashi.

Amma inda na fi so ka daɗe shi ne Masar, don kunnen Bahaushe ya riga ya san hanyar. Duk wanda ya tashi yana jin ƙira'ar alarammomin Masar a rediyo da kaset ya san yadda ake hawa da sauka a kan maƙamai, wato kare-karen sautin Larabawa, ya san daɗin madda da gunna in sun zauna daidai. Manyan mawaƙan Alƙahira na farkon ƙarni na 20 da yawansu daga wannan makaranta suka fito, shi ya sa ake kiransu shehunai. Shaikh Yusuf al-Manyalawi ya fara da waƙoƙin bege da zikiri kafin ya shiga waƙar fada, Gramophone Company ta ɗauke shi a 'yan shekarun ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1911. Shaikh Salama Hijazi, mutumin Iskandariyya, ladani ne tun yana matashi kafin ya zama uban wasan kwaikwayo na waƙa a ƙasar, ya yi faya-fayai da kamfanin Odeon, ya rasu a 1917. Akwai Abdul Hayyi Hilmi, mai wasa da baiti yadda ya ga dama, da Munira al-Mahdiyya a ɓangaren mata.

Su ma minti uku ya matse su. A zaman dare mawaƙi kan jera waƙoƙi a maƙami ɗaya har kusan sa'a guda, kuma ba ya kai ƙololuwa sai masu sauraro sun tayar masa da tsimi. To ina masu sauraro a gaban mazurari? Sai aka riƙa shigo da mai kirari cikin ɗakin ɗauka. Za ka ji shehi ya ja wata doguwar jimla ya dire ta, sai wata murya daga gefe ta ce "Allah!" ko ta kira sunansa da yabo. Karon farko da na ji wannan a faifan Manyalawi sai da na mai da allura baya, don abin da na sani ne tun ina yaro: maroƙi a gefen makaɗi yana zuga shi. Ka saurari yadda yake riƙe harafi ɗaya ya yi ta lanƙwasa shi, kalmar ba ta ɓace ba, ma'aunin baitin bai karye ba. A ganina ba ya ƙasa da Caruso da komai, kuma mazurari ya karɓi muryarsa da kyau. A 2011, cikar shekara 100 da rasuwarsa, gidauniyar AMAR ta Labanan ta tattara faya-fayansa ta gyara ta fitar, aikin kuma ya yi kyau.

Ummu Kulsum ta zo a kan gaɓa. 'Yar limamin ƙauye ce daga yankin Delta na kogin Nilu, ta fara da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin bege tare da mahaifinta, ta koma Alƙahira a farkon shekarun 1920, ta fara faya-fayai a tsakiyarsu. Wanda ya san ta da kakkaurar muryar shekarun 1960 kawai zai sha mamaki in ya ji ta tana budurwa, murya sama, mai sauƙi, tana gudu kamar ruwa a kan dutse. A daidai lokacin ne, 1925, kamfanonin Victor da Columbia suka karɓi fasahar Western Electric ta ɗauka da makirufo, zangon sautin ya buɗe sama da ƙasa, haruffa masu huci suka dawo.

In kana son ka auna da kunnenka abin da mazurari ke cinyewa, nemi mawaƙin da aka ɗauka a zamanin biyu. Bessie Smith, baƙar fatar Amurka daga Tennessee, ta fara da Columbia a Fabrairun 1923 ta cikin mazurari, ta ci gaba da makirufo daga 1925. Ka ji ɗaya daga 1923, ka ji ɗaya daga 1927 ko 1929. Mace ɗaya ce, amma a na biyun za ka ji faɗin ƙirjinta da ƙaiƙayin da ke maƙogwaronta. Daga nan sai ka yi lissafi: abin da ya ƙaru mata, irinsa ne aka rage wa Caruso da Manyalawi da Gauhar Jaan. Feodor Chaliapin na Rasha, mai muryar ƙasa kamar tambari, shi ma ya ratsa zamanin biyu. Tun da an zo kan baƙaƙen Amurka, ka riƙe sunan George W. Johnson, wanda aka haifa a Virginia a zamanin bauta. Tun wajen 1890 yake waƙa a na'urar Edison mai gwangwanin kaki, lokacin da ba a iya buga kwafi da yawa, sai dai ya tsaya gaban na'urori kaɗan ya rera, a sauya kaki ya sake rera waƙar nan dai, haka har yamma.

A Afirka ta Gabas akwai Siti binti Saad ta Zanzibar. 'Yar ƙauyen Fumba ce, talaka, mai tallar tukwane, ta shigo gari ta koyi kiɗan taarab wanda a da na fadar Sarkin Zanzibar ne kuma da Larabci ake yinsa. A 1928 aka kai ta Bombay da makaɗanta aka ɗauke ta tana waƙa da Swahili, tana taɓo abin da ke damun mutanen unguwa, har da zaluncin da ake yi wa mata da yadda masu hali ke tsallake shari'a. Faya-fayanta sun bazu a gaɓar tekun gaba ɗaya.

Mu fa? A 1903, shekarar da aka kai wa Tamagno na'ura har gida, a ita ce sojojin Ingila suka ci Kano a Fabrairu, suka ci Sakkwato a Maris. Fadojin nan cike suke da makaɗan taushi da kotso da masu kakaki da zabiyoyi, amma kamfanonin faifai ba su iso ƙasar Hausa ba a lokacin, don suna bin inda ake da masu sayen garmaho ne. A shekarun 1920 ne kamfanin Zonophone ya fara ɗaukar 'yan Afirka ta Yamma, shi ma a Landan: Rabaran J. J. Ransome-Kuti, kakan Fela, ya yi waƙoƙin coci da Yarbanci, daga 1927 kuma aka yi jerin faya-fayai cikin harsuna da dama, har da Hausa, aka ɗauki ƙungiyar makaɗa ta Kumasi Trio a 1928. Saboda haka in ka ga jerin "manyan mawaƙan duniya" na wancan zamani, ka sani jerin waɗanda mazurari ya iske ne. Wannan abu na ci mini rai duk lokacin da na tuna shi. Kuma kai da ka taɓa sauraren tsohuwar ɗaukar Narambaɗa, ka san yadda ake yi: minti ɗaya na farko kana jin ƙarar, daga nan sai azancin ya ɗauke ka ka manta da ita. Kunnen nan dai za ka kai wa Caruso.

Wajen zaɓen abin saurare, ka guji wanda aka wanke shi tas babu shuu ko kaɗan. Shuu da saman murya a wuri ɗaya suke zaune, duk wanda ya kankare ɗaya gaba ɗaya ya tafi da rabin ɗayan, sai a bar ka da murya kamar an toshe ta da tsumma. Haka ma waɗanda aka cire tsohon kiɗan aka ɗora musu sabo, ko aka sa kwamfuta ta ƙirƙiro abin da babu shi a kakin. Nemi aikin masu gyara da suka damu da gudun faifai, irin su Ward Marston, makaho ne Ba'amurke mai kunne na ban mamaki, wanda ya kwashe faya-fayan Caruso kaf aka fitar a kamfanin Naxos. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ma ya ɗora dubban faya-fayan Victor a intanet kyauta. Kada ka saurara da lasifikar waya, don ita ma ƙasan sauti take yankewa, ka yi asara sau biyu ke nan. Sa abin kunne mai kyau ko rediyo mai faɗin lasifika, ka rage ƙara, ka ji waƙa ɗaya sau uku a jere kafin ka wuce.

In kuwa akwai irin faya-fayan nan a gidanku, masu hoton kare a gaban mazurari, cikin kayan kaka, kada a goge su da sifirit ko turare, don yana narkar da ƙaron. Kada a jingine su a rana, kada a ɗora musu nauyi. Allurar ƙarfe ta garmaho kuma fuska ɗaya ake yi da ita a jefar, in aka maimaita ta cinye layin.

Game da wanda za ka fara da shi, ga shawarata. Fara da Bessie Smith ta bayan 1925, don kunnenka ya saba da shuu alhali muryar na fili. Koma baya zuwa Ummu Kulsum ta shekarun 1920, daga ita ka gangara zuwa Shaikh Yusuf al-Manyalawi, ka ba shi mako guda. Sannan ka dawo kan Caruso, amma ka ɗauko na Victor tsakanin 1906 da 1912, lokacin da muryar ta nuna kuma ɗaukar ta fi ta Milan tsabta. Patti da Moreschi ka bar su sai can gaba. Gauhar Jaan kuma duk ranar da ka sa ta, kada ka tsayar da faifan in kiɗa ya ƙare, ka jira 'yan sakan ɗin nan na ƙarshe har ta faɗi sunanta.